Rumfa a Intanet, a Bakin Iyakar Bagudo: Wa Zai Gyara Farashi Gobe?

A wata rumfar cajin waya da ke bakin hanyar Tsamiya na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Wani matashi ne da ba zai wuce shekara 22 ba, yana zaune a kan benci, janareta na ruri a bayansa. Kawunsa dillalin hatsi ne, yana sayar wa mutanen Segbana da ke tsallaken iyaka a Jamhuriyar Benin, yana kuma saye a hannunsu. Yaron ya ɗauki hoton buhunan da aka jera a shago, ya ɗora yatsa a kan hoton, ya ja shi zuwa saman fuskar wayar, ya saki, hoton ya zauna daram. Ya taɓa wani akwati a ƙasansa ya rubuta sunan shagon. Bai yi masa ba, sai ya ƙara wa rubutun girma, ya mai da shi kore. Kafin a kira la'asar ya miƙa wa dattijon wayar yana murmushi: "Kawu, ga rumfarka ta hau intanet." Dattijon ya daɗe yana dubawa, ya jinjina kai, sannan ya ce, "Madalla, ɗana. To, in farashi ya tashi gobe, wa zai gyara?"

Tun daga ranar tambayar nan take yi mini yawo a kai, don a ganina duk maganar gina shafin intanet a yanki irin namu tana cikinta.

Bari mu fara da abin da yaron yake amfani da shi. Kowane shafin intanet, komai kyansa, a ƙarƙashinsa rubutun umarni ne da ake kira kod. Akwai HTML, wanda ke cewa wannan kanun magana ne, wannan hoto ne, wannan jadawali. Akwai CSS mai kula da launi da girma da inda kowane abu zai zauna. Sai JavaScript, mai sa shafi ya motsa ya amsa in an taɓa shi. A da, duk mai son shafi sai ya koyi waɗannan harsuna ko ya biya wanda ya iya. Manhajar gini da ido, wadda wasu ke ce wa ta ja-ka-ajiye, tafinta ce da ke tsayawa tsakanin mutum da kod ɗin. Kai dai ka nuna abin da kake so da yatsa, ita ta fassara shi zuwa harshen na'ura a ɓoye, abin da ka gani a gabanka kuma shi ake sa ran mai ziyara zai gani. Mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin darajar tafinta, sun kuma san halinsa: yana sauƙaƙa ciniki, amma wani lokaci magana ɗaya sai ya mai da ita goma. Za mu dawo kan wannan.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba, manhajar farko da ya rubuta a 1990 tana karanta shafi, tana kuma gyara shi. Niyyarsa ke nan tun asali, kowa ya karanta, kowa ya rubuta. Manhajojin da suka yaɗu bayan tasa sai suka tsaya ga karatu kawai, rubutu ya koma hannun ƙwararru. A 1995 aka fito da manhajar gini da ido mai suna FrontPage, wadda Microsoft ya saye a shekarar da ta biyo baya, a 1997 kuma Dreamweaver ta zo. Waɗannan duka sai da kwamfuta, a girka su, a gina shafi, sannan a loda shi zuwa masaukinsa. WordPress ta bayyana a 2003, Wix a 2006, Google Sites a 2008, Elementor a 2016, sannan a Disambar 2018 WordPress ta koma tsarin tubala, inda kowane sakin layi ko hoto yake zama bulo ɗaya da za a ɗaga a ajiye inda ake so. Yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke. Gini ya sauko daga teburin injiniya zuwa bencin mai cajin waya.

To, shin Bagudo na bukatar wannan? Ba kowa ba, kuma gara a faɗi haka tun da wuri. Mai sayar da ƙosai a Kaoje ko mai kwale-kwale a Lolo ba shafi ne ya dame shi ba, abokan cinikinsa suna ganinsa da ido kullum. Yawancin 'yan kasuwarmu WhatsApp ya ishe su: hoto, saƙon murya, alat, shi ke nan. Tun 2019 ma manhajar WhatsApp ta 'yan kasuwa ta ba da damar jera kaya da farashinsu. Duk wanda ya ce wa ƙaramin ɗan kasuwa sai da shafi zai ci gaba, cinikinsa yake nema.

Amma akwai waɗanda harkarsu ta wuce inda ido ke kaiwa. Ƙungiyar manoman shinkafa da ke noma a fadamun kogin Kwara tana son mai injin casa a Kano ko mai saye a Legas ya yarda cewa da gaske tana nan. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, sunan Kebbi ya haɗu da shinkafa a bakin 'yan Najeriya, sai dai manomin da ke Illo ko Zagga bai cika cin moriyar sunan kai tsaye ba, dillalai ne ke tsakani. Akwai mai motocin dakon kaya, akwai wakilin da ke fitar da kaya a hannun kwastam, akwai makarantar kuɗi, akwai masaukin baƙi, akwai ƙungiyar ci gaban gari da ke neman tallafin rijiya ko asibiti daga masu ba da agaji. Irin waɗannan, wanda suke son ya yarda da su baƙo ne da bai taɓa taka Bagudo ba, kuma abin da baƙo ke fara yi shi ne ya rubuta sunanka a Google. In bai ga komai ba sai zuciyarsa ta yi sanyi. Ga shi kuma dandalin wani ba naka ba ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa 6, kuma ba a rasa wanda aka rufe wa asusu dare ɗaya ba tare da an gaya masa laifinsa ba.

Yanayin iyakar kanta ma yana kira ga haka. Layin da ya raba mu da Jamhuriyar Benin ya samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Faris a 1898, wadda ta tsaga ƙasar Borgu biyu. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, amma gwamnati biyu, kuɗi biyu, harshen boko biyu. Kuma hanyar ba ta zama a hali ɗaya. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai Disambar 2020 aka fara buɗe wasu, ta Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar ta rufe, kaya suka canza hanya, kuɗin mota ya canza. A Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Ke nan farashin buhu ɗaya a bakin mutumin Segbana yana iya canzawa ko da buhun bai ƙara tsada a naira ba. A wuri irin wannan labari yana tsufa da wuri. Shafin da aka gina bara aka bar shi, bana ƙarya yake yi wa mutane da sunan mai shi.

Nan ne nake ganin ainihin amfanin manhajar gini da ido. Mutane sun fi yabon ta saboda saurin gini, ni kuwa saurin gyara ne ya fi burge ni. Gini sau ɗaya ake yi, gyara kuwa kullum ne. A da, in lambar waya ta canza sai an nemi wanda ya gina shafin, a roƙe shi, a tura masa na data, a jira sati biyu. Yanzu mai shago ko ɗansa zai buɗe, ya taɓa lambar, ya goge, ya rubuta sabuwa, ya danna maɓallin wallafawa. Misali na kusa: ranar 30 ga Nuwamban 2024 Benin ta mai da lambobin wayarta daga lamba 8 zuwa 10, aka ƙara 01 a gaban kowace. Duk ɗan kasuwar da ya sa layinsa na MTN Benin ko Moov a shafi don abokan cinikinsa na Kandi da Paraku, dole ya koma ya ƙara waɗannan lambobi biyu. Aikin minti ɗaya ne ga wanda makullin ke hannunsa. Wanda kuwa ya ba wani ajiya, wanin ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, sai dai ya zuba ido.

Makulli. Wannan shi ne wurin da na fi ganin ana cutar mutanenmu, wani lokaci da gangan, galibi kuwa cikin rashin sani. Shafi yana da abubuwa uku da ake mallaka: adireshinsa, masaukin da aka ajiye shi, da kalmar sirrin shiga. Adireshi haya ce ta shekara-shekara. Wanda ya ƙare da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005, na Benin kuwa .bj ne. In yaron da ya gina maka ya yi rajistar adireshin da imel ɗinsa da lambar wayarsa, to a idon kamfanin shi ne mai shi, ko da kai ka biya. Na san wata makarantar Islamiyya da haka ta faru da ita. An buga adireshin a allon ƙofa da takardun shaidar kammalawa, shekara ta zagayo, saƙon tunatarwa ya tafi imel ɗin wani da ya daɗe da barin garin, adireshin ya faɗi. Malaman ba su sani ba sai da wani uba ya zo yana tambayar me ya sa shafin makarantar 'ya'yansa yake nuna tallan da bai dace ba. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, amma sunan makaranta ya taɓu. Don haka tun ranar farko a buɗe komai da imel da lambar mai harkar, shi kuma mai ginin a ba shi izinin shiga a matsayin ma'aikaci, izinin da za a iya janyewa.

Ko kamfanonin kansu ba a ba su amana ɗari bisa ɗari. Google ya taɓa ba ƙananan 'yan kasuwa damar yin shafi kyauta daga bayanan shagonsu da ke taswira, mutane da yawa suka yi, sai a Maris na 2024 ya rufe tsarin baki ɗaya. Shafin da aka gina a Wix ba a iya kwashe shi yadda yake a mai da shi wani masauki, in za ka tashi sai ka sake gini. Na kyauta a can kuma yana zuwa da tallan kamfanin da doguwar adireshi mai ɗauke da sunansu. WordPress da mutum ya girka a masaukin da ya kama haya ta fi ba da 'yanci, ana iya ɗauke ta a koma wani wuri, amma tana son kulawa: in ba a sabunta ta da ƙananan manhajojin da aka liƙa mata ba, ɓarayin intanet na samun kafar shiga. Google Sites kyauta ce kuma ba talla, sai dai ta fi son kwamfuta wajen gyara, ga shi a nan waya ce kwamfutar kowa. Ni dai shawarata, kafin a zaɓi kowace, a gwada abu ɗaya: mai shagon ya canza farashi da wayarsa, da sabis ɗin garinsu, ba wanda ya taimaka masa. In ya iya, an dace. In ya kasa, a nemi wata. Sannan a ajiye kwafin rubutu da hotuna a wani wuri dabam.

Maganar biya ma tana da nata ƙalubalen. Manyan kamfanonin waje da dalar Amurka suke caji, kuma a 2022 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. Wanda adireshinsa ya zo sabuntawa a ranar da kati ya ƙi aiki ya san zafin abin. Kamfanonin cikin gida da NiRA ta amince da su suna karɓar naira, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin a fara duba su.

Yanzu mu koma ga halin tafinta. Manhajar ja-ka-ajiye, don ta gamsar da kowa, takan tara kod mai yawa a bayan shafi, har da wanda ba a bukata. Samfuran da take bayarwa an tsara su ne a ƙasashen da intanet ke gudu kamar ruwan famfo: bidiyo na wasa a sama, hotuna na shawagi, rubutu na tsalle. A ofis a Abuja abin sha'awa ne. A ƙauyen da sabis ke zuwa sanda ɗaya, wani lokaci ma wayar ta kama layin Benin ta saki na Najeriya, shafin ba zai buɗe ba, mai ziyara zai gaji ya fita. Matsakaicin shafi a duniya yau ya haura megabait 2. Hoto ɗaya da aka ɗauka da wayar zamani yana iya kai megabait 4, in aka jera 10 ba a rage musu nauyi ba an kai 40, wato gigabait ɗaya na data ba zai buɗe shafin fiye da sau 25 ba. Wasu manhajojin suna rage nauyin da kansu, wasu ba sa yi yadda ya kamata. Data kuwa ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Shafi mai nauyi kuɗin baƙonka yake ci. Hoto 3 ko 4 masu kyau, sunan kaya, farashi da ranar da aka sa shi, kwatancen shago, da maɓalli ɗaya da zai kai mutum WhatsApp, sun fi ado amfani nesa ba kusa ba. Kuma alkawarin nan na cewa abin da ka gani shi kowa zai gani yana da iyaka. Wanda ya yi gini a babbar fuskar kwamfuta, ya ɗauki ƙaramar Tecno ko itel ta maƙwabcinsa ya duba, sau da yawa zai tarar rubutu ya hau kan hoto.

Sai harshe, wanda ya fi taɓa mini zuciya. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode, kuma madannin Gboard na Hausa yana rubuta su. Amma ba kowane salon rubutu da manhaja ke bayarwa ne yake da su ba. Sai ka rubuta gyaɗa, a wayar wani ta fito da ɗan akwati a tsakiya, ko harafin ya fito da wani fasali dabam kamar baƙo a cikin kalmar. Da yawa sai su haƙura su cire lanƙwasar, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Maganin mai sauƙi ne: kafin ka zaɓi salo, rubuta ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ tare da é è ç na Faransanci ka gani ko duk sun fito sumul. Salon Noto na Google yana da su duka. A saitin shafi kuma a nuna cewa harshensa Hausa ne, don injin bincike ya san wa zai kai wa.

Faransanci dole ne ga mai neman kasuwar tsallake, ko da yake a bakin ciniki Hausa da Dandanci da Fulatanci da yaren Boko ne ke aiki. Ɗan boko na Kwatano ko jami'in wata ƙungiya a Kandi da Faransanci zai yi bincike. Google Translate ya san Hausa tun 2013, amma mudu da tiya da kwando ba su cika tsira a hannunsa ba, gara a nemi ɗan uwa da ya yi makaranta a can ya duba. A kula da lissafi ma. Mu muna rubuta 25,000 da waƙafi, su suna barin fili ko su sa ɗigo, waƙafi a wurinsu na ɓangaren ƙasa da ɗaya ne. Masu ƙirga sefa da Hausa kuma dala suke cewa, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1,000, don haka in an rubuta "dala" a shafi wani zai ɗauka ta Amurka ce. A rubuta adadi da lambobi, a sa alamar naira ko FCFA a fili. Karɓar kuɗi ta shafi kuwa, Paystack da Flutterwave suna aiki a ɓangarenmu, FedaPay da KKiaPay a nasu, amma ƙaramin ɗan kasuwa ba sai ya fara da wannan ba. Yawancin ciniki a nan sai an ji murya tukuna.

Akwai gefen da ba na jin daɗinsa, kuma ba zan ɓoye ba. Sauƙin da ya ba mai gaskiya dama shi ya ba macuci. Cikin awa ɗaya mutum zai haɗa shafi mai tambarin da ya yi kama da na kwastam, ya ce ana gwanjon motoci ko shinkafar da aka kama a iyaka, ya sa lambar asusu. Mutane sun yi asara ta haka. Kyan shafi ba shaida ba ne, alamar ɗan makullin da wasu manhajoji ke nunawa kusa da adireshi ma cewa kawai yake yi hanyar sadarwar a rufe take, bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Hukumomin gwamnatin Najeriya adireshinsu da .gov.ng yake ƙarewa. Shi kuma ɗan kasuwa na gari ya taimaki baƙonsa ya gane shi: lambar rajistar CAC in yana da ita, hoton shagonsa na gaskiya maimakon hotunan Turawa da ke zuwa da samfuri, da sunan asusun banki da ya yi daidai da sunan harkar. In yana karɓar sunaye da lambobin mutane ta fom, ya sani amana ce, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanai a ƙasar nan.

Yanzu ma an shigo zamanin da za ka gaya wa manhaja irin sana'arka, ƙirƙirarriyar basira ta haɗa maka shafi cikin daƙiƙu. Gini zai ƙara arha ke nan har ya kusa zama kyauta. Wannan ya sa nake kira ga matasanmu da ke karatu a Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero, da waɗanda suka shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, su daina sayar da gini kaɗai. Injin ba zai san cewa an rufe hanya jiya ba, ba zai san nawa aka sayar da buhun masara a kasuwar da ta ci shekaranjiya ba. Abin da za a biya su a kai shi ne kulawa: ɗan kuɗi a wata, su sabunta, su duba tsaro, su tuna ranar biyan hayar adireshi, su kuma koya wa mai harkar ko 'yarsa yadda za su taɓa abin da hannunsu. Ya kamata kuma su leƙa ƙarƙashin manhajar su koyi HTML da CSS ko kaɗan ne, don ranar da tafinta ta rikice su iya magana da na'urar kai tsaye.

Shi wancan matashi na Tsamiya, da kawunsa ya yi tambayar, ya ɗan yi shiru. Sai ya karɓi wayar dattijon ya buɗe masa imel da lambarsa, ya mai da shafin can. Ya aika a kira ƙaramin ɗan gidan, wanda ke aji biyu a sakandare, ya zaunar da shi kusa da shi a bencin. "Taɓa nan. Goge. Rubuta sabon. Yanzu danna wannan." Yaron ya yi sau uku har hannunsa ya faɗa. Dattijon ya zaro littafin bashinsa daga aljihun gaba, ya buɗe bangon baya, ya ce a karanto masa kalmar sirrin a hankali, yana rubuta ta harafi ɗaya bayan ɗaya.